Yadda Kunyar Suruki Ta Ƙona Giyar Motar Garinmu

Assalamu alaikum. Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in sauke wani abu da ya daɗe yana cin raina. Da ajami na fara rubuta shi, domin shi ne hannuna, sannan na zauna a hankali na juya shi zuwa boko. Inda aka ga tuntuɓe a yi mini uzuri. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma wasunsu har gobe ina durƙusa musu.

A lokacin da abin ya faru ni magidanci ne mai shekara arba'in da 'yan kai, a wani ƙauye ta wajen Taba, cikin ƙasar Kudan. Da damina ina noman masara da dawa, da rani ina rake da tumatir a fadama. Bayan sallar asuba kuma nakan zauna a zaure in karantar da magidanta 'yan'uwana littattafan tsarki da salla. An san ni da sanyin hali. Ba na musu da kowa, ba na ɗaga murya, in babba ya yi magana ko da na ga gyara sai in sunkuyar da kai in ce haka ne. Mutane suna yabona a kan wannan, ni ma a lokacin ina jin daɗin yabon.

Tsakanin ƙauyenmu da kwalta akwai wata fadama mai baƙar laka da rafi a tsakiyarta. Da zarar ruwa ya zauna, ƙaramar mota ba ta shigo mana, babur ma akwai wuraren da sai an sauka an ɗaga shi. Mara lafiya a amalanken shanu ake fitar da shi. Ana nan sai wani ɗan garinmu da ya daɗe yana aiki a kudu ya aiko da tsohuwar jif ɗinsa ya ba gari, sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu. Sharaɗinsa ɗaya ne: motar ta marasa lafiya ce da mata masu naƙuda, ba ta biki ba ce, ba ta ɗaukar hatsi ba ce. Mai unguwa da liman suka yi shawara suka damƙa mini makullin, saboda na taɓa tuƙa akori-kura a ƙuruciyata, kuma a cewarsu ni mai riƙon amana ne.

Motar ta tsufa amma tana da ƙarfi. Ƙafafunta huɗu duka suna ja in an sa mata ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira ogzilari. Sai dai otomatik ce, ba ta da kuloci, ita ke canja wa kanta giya, irin da ba mu saba da ita ba a wajenmu. Direban da ya kawo ta ya kwana uku a garinmu yana koya mini. Ranar da zai tafi ya tsayar da ni a gindin darbejiyar da muke ajiye ta, ya ja kunnena a kan abu uku. Ya ce giyarta ba ta shan kowane mai sai wani ja mai tsinkewa da aka yi dominta. Ya ce ba a duba man sai inji yana aiki, ya yi ɗumi, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Ya ce kuma in ta taɓa tsaya mini a hanya, kada in yarda a ɗaura mata igiya a ja ta nesa, a ɗora ta a bayan babbar mota. Ya ƙara da cewa akwai wani bakanike a Ikara da ya san irinta, in ta yi tari can zan kai ta. Na ɗauko alƙalami na rubuta duka da ajami a wata takarda, na ninke na sa a aljihun gaban motar.

Damina biyu ta yi mana aiki, kuma Allah ne kaɗai ya san adadin waɗanda ta fitar. In na sa mata ogzilari a bakin fadamar nan, sai ta sunkuya ta shiga lakar tana gurnani, ta fita ta ɗaya gefen kamar sa ya fito daga huɗa. Mata suna sa mata albarka in ta wuce. Tsofaffi sukan shafa gefenta.

A bazarar shekara ta uku ta fara canja hali. Da safe in na sa giyar tafiya sai ta yi jim, kamar mai tunani, sannan ta yi wani zillo ta kama. In muka yi nisa ta yi zafi, sai in taka totur inji ya yi ƙara amma gudun bai ƙaru ba, sai can ta fizge ta ci gaba. Ribas ma sai na jira ta. Na kuma lura da 'yan ɗigo jajaye a ƙasa inda take kwana. Na gan su da idona, na sa ƙafa na tura musu ƙasa, na ce a raina tsohuwar mota ba ta rasa yoyo. Wannan shi ne laifina na farko. Da na ga abin yana ƙaruwa, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sai na ce lallai a duba ta kafin ruwa ya sauka.

A nan surukina ya shigo cikin labarin. Ƙanin mahaifin matata ne, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya ba ni aurenta. Babban bakanike ne a Makarfi, ya kusa shekara arba'in yana kwance manyan motoci da tarakta da akori-kura, kuma gaskiya a wannan fagen ba a ja da shi. Mai karatu ya san yadda muke da surukai. Ba na kama sunansa, ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci a gabansa, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Hanyar Ikara kuwa ta Makarfi take bi. In na wuce ƙofar garejinsa da motar gari na kai wa wani, kafin in dawo labari ya riga ni. Matata ma da na gaya mata niyyata, sai ta ce a hankali ai Baba ba zai ji daɗi ba, za a ce mun raina sana'arsa. Na ce to, bari in biya ya ɗan duba, in ya ga ba tasa ba ce ai shi da kansa zai tura ni gaba. Haka na zata.

Na same shi da hantsi yana zaune a kan benci, ga direbobi da masu jiran gyara kewaye da shi ana hira. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gona, ya tambayi mutanen gari. Sannan ya tashi ya leƙa cikin motar, ya ga babu kuloci, ya juya ga jama'a yana dariya ya ce ashe wannan ce motar malalatan da ake faɗa, ƙafa ɗaya na aiki ɗaya na hutu. Aka yi dariya, ni ma na yi murmushi. Na yi masa bayanin abin da take yi. Bai bari na gama ba ya ce in kashe inji. Na kashe. Ya zaro gejin man giya ya murza abin da ke jiki tsakanin yatsunsa, ya ɗaga sama don kowa ya gani.

"Ku dubi abin da ke cikinta," in ji shi. "Wannan ai zoɓo ne. Yaya ƙarfe zai kama ƙarfe a cikin zoɓo?"

Ya shiga ƙarƙashinta ya kwance, jan man da ya rage ya tsiyaye a wani tsohon kwano. Ya ɗauko galan na man giya mai kauri, irin wanda ake zuba wa manyan motoci, wanda in ka karkata galan ɗin sai ka jira shi kamar zuma. Kafin wannan lokacin na riga na ɗauko takardar nan daga aljihun mota, tana cikin aljihun rigata, hannuna yana kanta. Na san abin da ke rubuce a ciki kamar yadda na san Fatiha. Na tattara duk ƙarfin halina na matsa kusa, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, an ce wai jan nan kaɗai take sha."

Ya ɗago ya dube ni. "An ce? Wa ya ce? Malam, tun ba a yi maka kaciya ba nake kwance giya. Ka riƙe allonka, ka bar mini sifanata."

Wurin ya ɗauki dariya. Wani direba ya ce Malam zai koya wa Baba gyara. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ja da baya, na saki takardar a cikin aljihu. Ina tsaye ya ɗura man nan har ya ƙare. Da zan tafi na sake durƙusawa na yi masa godiya, har da addu'ar Allah ya ƙara girma. Yau in na tuna godiyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

A hanyar komawa ta yi kamar ta samu sauƙi, har na fara zargin kaina da mugun zato. Kwana huɗu bayan haka na kai wata tsohuwa asibiti, aka kwantar da ita, na juyo ni kaɗai. Na ɗan wuce Hunkuyi kenan sai na ji inji ya yi sama da ƙara, motar kuwa tana rage gudu har ta tsaya cak. Na sa giyar tafiya, shiru. Na sa ribas, shiru. Wani wari kamar na tuwon da ya kama tukunya ya taso daga ƙasa. Kafin in fito mutane sun taru, kamar yadda aka saba a wajenmu, mota ba ta tsayawa a rasa masu taimako. Masu rake suka ajiye rakensu, masu babur suka faka, kowa ya nannaɗe hannun riga. Na ce musu irin wannan motar turi ba ya tayar da ita, kuma injin ma ai yana aiki. Wani ya ce babu motar da ta fi ƙarfin turin mutanen Hunkuyi. Suka tura ta gaba, suka tura ta baya, suna ce mini in saki kuloci, ina ce musu babu kuloci. Daga ƙarshe wani dattijo ya share gumi ya ce Allah ya raba shi da motar da ba ta jin turi.

Na kira surukina a waya. Ya ce kada in damu, akwai mai tarakta da ya sani a nan kusa, zai turo shi ya jawo ni Makarfi. Ya ce in cire giya in kashe inji kada in ƙona fetur a banza. Na tuna magana ta uku da direban nan ya gaya mini. Na ce Baba ko jan igiya ba zai yi mata illa ba. Ya ce motocin da ya jawo da igiya a rayuwarsa sun fi gashin gemuna yawa, ya kashe wayar. A nan babu taron da zai yi mini dariya, babu idon da zan ji nauyi, ni kaɗai ne a bakin hanya da waya a hannu. Ina iya neman babbar mota in ɗora ta in wuce Ikara. Amma da mai taraktar ya iso ya ce Baba ne ya aiko shi, sai na miƙa masa hannu muka gaisa, na taya shi ɗaura igiyar. Tun daga nan har Makarfi ina riƙe da sitiyari ina jin wani kuka yana fitowa daga ƙarƙashin motar, zafi yana ratso tafin ƙafata. Na yi ta salati. Ban ce a tsaya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ƙona mini rai. Surukina ya sauke giyabos ɗin, wato akwatin giyar, ya shimfiɗa buhuna a ƙasa ya buɗe shi. Ina tsaye na ga fuskarsa lokacin da cikin ya bayyana. Ya saba ganin manyan haƙoran ƙarfe, sai ga faya-faye sirara jere a kan juna, ga wani faranti mai ƙananan hanyoyi kamar gidan tururuwa, ga 'yan ƙwallaye da sifirin ƙanana suna gangarewa cikin ƙasa. Na rantse da Allah a wannan lokacin ya san bai san abin da ke gabansa ba. Na gani a idonsa, karo ɗaya da na taɓa satar kallonsa. Kalma huɗu kawai ake bukata daga bakinsa, ya ce ban san ta ba. A zauren da na yi karatu, malaminmu da furfurarsa yakan faɗi haka a gaban ɗalibai, ya ce a je a tambayi wane, kuma girmansa bai taɓa raguwa a idonmu ba. Surukina kuwa sai ya yi tsaki ya ce aikin kwana biyu ne.

Kwana biyu suka zama mako shida. Duk bayan 'yan kwanaki nakan hau babur in je, in durƙusa, in gaishe shi, in tambayi jikin mota kamar mai dubiya. Yau ya ce saura kaɗan, gobe ya ce wani ƙarfe ake jira daga Zariya. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Mai unguwa yana tambayata, ina ce masa ana kan aiki, ina rufa wa surukina asiri da bakin da nake karantar da mutane gaskiya. Daga baya surukina ya ce shawarar da ya yanke ita ce a mayar da ita mai giyar hannu, ya jawo wani tsohon giyabos na akori-kura, aka yi ta fama bai zauna ba. Ranar da ya ga dabara ta ƙare masa, ya kira ni gefe ya rage murya, ya ce shi fa yana ganin motar nan akwai hannu a cikinta, ba kowa ke son alherin da take yi ba, tunda ni malami ne in yi rubutu a wanke a yayyafa mata. Edita, ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba. Na yi imani da addu'a, da ita nake kwana da ita nake tashi. Amma a zuba wa mota man da ba nata ba a gabana, a ja ta da igiya ina ciki, a watsa cikinta a kan buhu, sannan a ce in ɗauko sunan Allah in rufe ɓarnar, har a jefa zargi a kan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Na ce masa to, Baba. Ko a ranar abin da na iya faɗa kenan.

Mai unguwa ne ya gaji. Ya zo Makarfi da kansa, kuma da yake shi ba surukin kowa ba ne a wurin, ya yi godiya ya ce gari ya yanke shawarar a gwada wani hannun. Aka ɗora motar a bayan babbar mota, aka kwashe kayan cikinta a bokitai biyu, muka nufi Ikara. Bakaniken da direban ya faɗa mini tun farko mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya daɗe a garin, Hausarsa kamar tamu. Bai yi gaggawa ba. Ya tsoma yatsa a man ya sansana, ya ɗauki faya-fayen nan ɗaya bayan ɗaya yana nuna mana yadda suka ƙone suka yi baƙi. Ya tambaye ni yadda ciwon ya fara, na gaya masa komai har da jajayen ɗigon. Sai ya shiga ƙarƙashin motar ya bi wani siririn tiyo da ke kai man giya wajen lagireto ya huce, ya fito da shi a hannu, ya lanƙwasa, sai ga tsaga ta buɗe.

"Malam, ka ga ciwonta na asali," ya ce. "Mai ne yake zuba, ya yi ƙasa, shi ya sa take jinkiri. Da ka kawo ta a lokacin, in canja tiyo, in wanke matatar mai, in cika mata ja, kafin azahar kana gida."

Ya yi mana bayani cewa man mai kauri ba ya iya bin ƙananan hanyoyin nan, shi ya sa faya-fayen suka yi ta zamewa har suka ƙone. Jan igiyar kuma ya ƙarasa sauran, domin in inji a kashe yake famfon man ba ya juyawa, ƙafafu suna juya kayan ciki a bushe. Ya ce wannan giyabos ya gama, ga shi ma wasu ƙananan kayan sun ɓace, sai dai a nemo wani dungurungum, kuma irin na tsohuwar motar nan sai an bincika. Mai unguwa ya ce gari ba zai iya ba sai kaka. Bakaniken ya tambaye ni wanda ya zuba man, na ce wani babba ne. Ya girgiza kai ya ce shi ma akwai manyan motocin da in aka kawo masa, wurin wani dattijo a Makarfi yake turawa, domin ya fi shi saninsu nesa. Bai san dattijon da yake yabo shi ne mai aikin ba. Mai unguwa ya dube ni, na dubi ƙasa.

A tsakiyar marka, ranar wata Talata da hantsi, maƙwabcina ya yi sallama a ƙofar gidana a gigice. Matarsa tana naƙuda tun jiya, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Ƙafarsa ce ta kawo shi wurina bisa sabo. Sai da na fito muka tsaya muna duban gindin darbejiyar nan babu komai, sannan ya tuna. Ya juya da gudu neman amalanke. An yi ruwa kwana biyu a jere. Shanun suka shiga fadama suka nutse har gwiwa, amalanken ya kafe. Muka ciro ƙyauren wani ɗaki muka kwantar da ita a kai, mu shida muka ɗauka, muka ratsa rafin ruwa yana kai mana ƙirji, mata biyu suna biye suna riƙe da zanen da aka rufe ta. Tafiyar da jif take yi kafin a idar da alwala da salla, ba mu ga kwalta ba sai da la'asar ta kawo jiki. A asibiti an yi abin da za a iya. Uwar ta rayu. Yaron, namiji, bai zo da rai ba. Ma'aikaciyar da ta fito ta gaya mana ba ta yi faɗa ba, ta ce dai an makara. Da yake bai yi kuka ba, ba a yi masa salla ba. Ni aka miƙa wa shi a cikin ƙyalle, ni na sa shi a ƙasa.

Ban san gaibu ba. Mai yiwuwa ko da motar tana nan, kwanansa kenan. Na yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma a wurin zaman gaisuwa, surukina ya zo, ya yi addu'a, sannan na ji shi yana gaya wa mutane cewa haka Allah ya so, su kuma motocin zamanin nan marasa kuloci dama ba su da amana. Uban yaron yana zaune a gefe yana cewa haka ne, Baba. Na tashi na bar wurin domin kada in yi abin da zan ji kunya.

Washegari na hau babur na tafi Makarfi. Na jira har mutane suka ragu. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi kamar kullum. Sannan na gaya masa duka, kaina a ƙasa: tiyon da ya tsage, man da ya zuba, igiyar, buhunan, mako shida da aka ɓata alhali ya san ba aikinsa ba ne. Na ce motar ba ta ci amanar kowa ba, mu muka ci tata. Na zaci zai zage ni ko ya ce in sakar masa 'yarsa. Ya ɗauki tsumma yana goge hannunsa. Can ya ce:

"To kai da ka san duk wannan tun ranar farko, Malam, me ya hana ka tsaya a kan maganarka? Ni ban sani ba na yi. Kai fa?"

Na tafi da fushi cike da cikina, na tanadi amsar kowace magana da zai faɗa, ban da wannan. Har yau ina jin haushinsa, domin rashin sanin da ya amsa a gabana, a gaban jama'a bai taɓa faɗinsa ba, kuma da ya faɗa a kan lokaci da ba a kai nan ba. Amma tambayarsa gaskiya ce. Makullin a hannuna aka sa shi, ba a hannunsa ba.

Bayan kaka gari ya haɗa ƙarfi aka samo wani giyabos, motar ta tashi, tana aiki har yanzu. Na mayar wa mai unguwa makullin, ya yi ta rarrashina, na ce a ba wanda bakinsa ke buɗewa. Da surukina muna gaisawa, ina durƙusa masa kamar da, maganar ba ta sake haɗa mu ba. Na ji an ce yanzu in aka kai masa otomatik sai ya ce aiki ya yi masa yawa, a gwada Ikara. Maƙwabcina kuwa bai taɓa ce mini komai ba. Kullum da asuba yana zaune a sahun gaba a zaurena da littafinsa, yana ce mini Allah ya gafarta Malam, ni kuma ina karanta masa babin amana.

Ga masu irin wannan mota, musamman mu na karkara da muka saba da turi da igiya: in kun ga jan ɗigo a ƙasa kada ku rufe shi da ƙafa. In ta fara jinkirin kama giya, ku duba man tun abin yana ƙarami, inji yana aiki, kuma kada ku yarda a zuba mata wani mai ko waye ya ce. In ta tsaya, ku ɗora ta, kada ku ja ta. Ga masu sana'a, ku ji tsoron Allah, abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku nuna ƙofar wanda ya sani. Ga irina kuma, masu sanyin baki da ake yabo, ku sani kunya abu ne mai kyau a kan abin da yake naka. Gonarka ce, rigarka ce, ka bar wa babba ya yi yadda ya so. Amma in kayan jama'a aka damƙa maka, ba ka da ikon yin kyautarsa don a ce kana da ladabi. Ka cire takalminka, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai yadda aka koya maka, sannan ka ce a'a, ka maimaita, ko za a yi maka dariya. Dariyar da na guje wa a garejin nan ba ta kai minti biyu ba. Ina roƙon masu karatu su sa ni a addu'a, Allah ya yafe mini.